Jak ɗin gefe da hawan babur: ina nauyin yake sauka?

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu babur, daga majalisar 'yan acaɓa a bakin tasha har zuwa masu manyan mashina na doguwar tafiya: shin mutum zai iya hawa babur yana kafe a kan jak ɗin gefe, wato sandar ƙarfen da ake saukewa ta hagu a jingina babur a kanta, ko sai ya miƙar da shi ya ɗage jak tukuna? Wani zai rantse maka cewa shekara da shekaru yana kishingiɗa a kan mashin ɗinsa yana jiran fasinja, jak bai taɓa karyewa ba. Wani kuma zai ɗage wando ya nuna maka tabon salansa a ƙwaurinsa, ya ce ranar da ya samu wannan jak ne ya ci amanarsa. Duk su biyun gaskiya suke faɗa. Jak ba kasafai yake karyewa farat ɗaya ba. Lalacewarsa a hankali take zuwa, ta wuraren da ido ba ya kaiwa, kuma mai babur ne da kansa yake ƙara ta kullum bai sani ba.

Ni dai matsayina a fili yake. An ƙera jak ɗin gefe ne don ya riƙe babur da ba kowa a kansa, a kan ƙasa mai ƙwari. Yana da rarar ƙarfin da zai jure ɗan lokacin da mutum zai ɗaga ƙafa ya haye, kuma ban ga laifi a wannan ba. Amma a mayar da shi kujerar hira, ko madogarar lodin buhuna, ko wurin tsayawa a buga kik, an ɗora masa aikin da ba nasa ba.

Babur da aka kafe a jak ɗin gefe, a wuri uku yake taɓa ƙasa: tayar gaba, tayar baya, da tafin jak, kamar tukunya a kan murhu mai duwatsu uku. Muddin cibiyar nauyinsa tana cikin filin da ke tsakanin wuraren nan uku, zai zauna daram. Da ta leƙa waje, ya tafi. Filin kuwa dogo ne amma siriri, don daga layin tayoyi zuwa tafin jak a ƙaramin babur bai wuce santimita 30 ko makamancin haka ba. Shi ya sa masu ƙera babura suke yanka jak daidai yadda mashin zai karkata hagu da digiri 10 zuwa 15. In bai kai haka ba, iska ko ɗan turi zai jefa shi dama. In ya wuce, nauyi ya taru a kan jak.

Mu yi lissafi da ƙiyasi don a ga girman abin. Babur irin na acaɓa, Boxer ko Haojue ko ɗan'uwansu, a ce kilo 120 da mai a tanki, cibiyar nauyinsa tana wajen santimita 55 daga ƙasa. In ya karkata digiri 12, cibiyar ta gusa hagu da kimanin santimita 11, wato kashi ɗaya cikin uku da ɗoriya na tazarar da ke tsakanin tayoyi da tafin jak. Ke nan jak yana ɗauke da kilo 45 ko kusa da haka, tayoyi sun raba sauran. To, sai mutum mai kilo 70 ya hau ya zauna ya naɗe ƙafafu. Shi cibiyar nauyinsa tana can sama, kusan mita ɗaya daga ƙasa, don haka wannan karkatar ta gusar da shi hagu da santimita 20 da wani abu. Fiye da kashi biyu cikin uku na nauyinsa a kan jak zai sauka, kusan kilo 50. Mutumin bai kai babur nauyi ba, amma ya ninka wa jak kaya. Abokin hira ya zo ya ɗosana a baya, an doshi ninki uku. Shakazoba takan ɗan rage wannan idan ta lotsa, sai dai lotsawar tata tana da tata fitinar, za mu zo kanta.

Wannan lissafin nauyi ne a zaune lafiya. Wanda ya faɗa kan kujera da ƙarfi, ko ya tsaya a kan matakin ƙafa yana buga kik da safe inji ya ƙi tashi, duka yake kai wa jak, kuma kowane bugu ya fi nauyin jikinsa nesa ba kusa ba. Ƙarfe ba ya manta irin wannan. Yau ya ɗan buɗe, gobe ya ƙara, bayan wata shida babur da yake karkata digiri 12 ya koma 18. A wannan karkatar, babur shi kaɗai, ba kowa a kansa, yana danna jak da abin da ya haura kilo 65. Lanƙwasa ta jawo ƙarin nauyi, ƙarin nauyi ya jawo ƙarin lanƙwasa. Duk wanda ya lura da layin babura a ƙofar masallacin Juma'a ya san waɗanda suka shiga wannan hali: ga su nan sun kwanta fiye da na kusa da su, masu su har sai sun nemo dutse sun ɗora tafin jak a kai kafin su tafi.

Akwai wani salon hawa da ake yawan gani a bidiyon matafiya, inda mutum zai taka mataki da ƙafa ɗaya, babur yana kan jak, ya miƙe tsaye sannan ya wurga ɗaya ƙafar. Masu yin haka suna da uzurinsu. Babur irin BMW R 1250 GS nauyinsa kusan kilo 250 ne, tsayin kujerarsa santimita 85, ga akwatuna da jakunkuna a baya. Gajeren mutum ba shi da hanyar tsallaka ƙafa daga ƙasa. In ya taka matakin hagu, wanda yake kusan saitin tafin jak, kusan duk nauyinsa a kan jak yake sauka. Shi ya sa wasu suka gwammace su taka na dama, suna kwantar da ƙirji a kan tanki, don wannan yana rage wa jak kaya maimakon ƙara masa. A kan babban babur dabarar tana tafiya, saboda nauyin da ya karkata hagu ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A kan mai kilo 120 rarar kaɗan ce ƙwarai. Ka taka matakin dama, ka ɗan ja hannun babur don ka ɗaga jikinka, sai ka ji jak ya rabu da ƙasa, mashin ya biyo ka, kuma ta ɓangaren salansa. Baburan da muke hawa yau da kullum kujerarsu ba ta da tsayin da zai sa babban mutum ya buƙaci wannan salo, don haka ban ga abin kwaikwayo a ciki ba.

Ina ne ainihin inda ake samun matsala? Sandar jak ɗin kanta ita ce ta ƙarshe a lalacewa. In ta baƙin ƙarfe ce, lanƙwasawa take yi, ta ba ka gargaɗi tun da wuri. In ta zubin alminiyam ce, irin ta wasu baburan tsere da na jeji, ba ta lanƙwasa sosai, tsagewa take yi ta ɓalle. Amma kafin a kai nan, wuri uku ne suke fara gajiya. Na farko notin da jak yake juyawa a kansa, da ramin da notin ya ratsa: ƙura da yashi su shiga, ba giris, rami ya cinye ya zama ƙwai-ƙwai, jak ya fara lilo. Na biyu ɗan tudun ƙarfen da yake tare jak idan an sauke shi. In ya cinye, jak zai zarce gaba fiye da ƙima, babur ya ƙara kwanciya. Na uku, wanda ya fi tsada, shi ne wurin da aka ɗaure kunnen jak ɗin gaba ɗaya, wato ƙarfen da jak yake rataye a jikinsa.

A wasu babura kunnen a jikin ƙashin babur aka yi masa walda. A wasu kuwa da inji aka haɗa shi. Tsofaffin baburan KTM 950 da 990 Adventure sun yi suna da wannan, don jak ɗinsu a jikin kwanon inji yake, bugu mai ƙarfi yana iya tsaga kwanon, har aka riƙa sayar da wani ƙarfe na musamman da ake mayar da jak ɗin wani wuri. Kada a ɗauka wannan matsalar masu kuɗi ce kawai. A ƙananan babura da yawa masu ƙirar Honda Cub da CG, irin su roba-roba da danginsu na Sin, sandar matakan ƙafa a ƙarƙashin inji ake ɗaure ta da notuna, kuma sau da yawa jak ɗin gefe a jikin wannan sandar yake. Notunan cikin alminiyam suke shiga. Duk zaman da aka yi a kan jak, duk kik ɗin da aka buga a tsaye, waɗannan ramukan ne suke sha. Ranar da suka cinye noti ya daina kamawa, mataki da jak duka za su fara rawa, gyaran kuma ya tashi daga na 'yan canji ya koma aikin inji.

Sifirin ɗin jak kuwa, ƙaramin abu ne da ake rainawa alhali aiki biyu yake yi. An ɗaura shi ne ta yadda idan jak ya wuce tsakiya zuwa ƙasa zai ja shi gaba ya riƙe, idan ya wuce tsakiya zuwa sama zai ja shi ya manne da jikin babur. Ka leƙa ƙarƙashin baburan da ke jiran gyara a rumfar bakanike, za ka ga abin da ake yi idan ya tsinke: an yanko robar tsohon tub an naɗa sau uku an ƙulle, ta yi fari-fari saboda zafin inji, gefenta ya fara tsattsagewa. Kusa da ita, a ramin da notin asali ya kamata ya zauna, an zura wani siriri da aka tsinto a gwangwanin tarkace, wani lokaci ma ƙusa ce aka lanƙwasa bakinta. Notin asali yana da kafaɗa mai santsi daidai faɗin ramin, don jak ya juya ba tare da lilo ba. Wanda aka tsinto ba shi da ita. Irin wannan jak ɗin zai iya riƙe babur a tsaye, amma a kan hanya mai gargada robar za ta saki, ya sauko da kansa ana cikin gudu.

Sai ƙasa. Da yawa daga cikin baburan da suka faɗi a tsaye, jak ɗinsu lafiyarsa ƙalau, ƙasa ce ta ba da kai. Tafin jak bai fi faɗin akwatin ashana ba, a wasu ma bai kai ba. In muka ce santimita 10 murabba'i ne, kilo 45 a kansa ya zama kilo huɗu da rabi a kan kowane santimita, alhali taya da iskarta ba ta danna ƙasa da abin da ya wuce kilo biyu ko kusa da haka. Wato inda taya ta tsaya lafiya, jak zai iya nutsewa. Rairayi yana yin haka nan take. Laka da damina takan yi haƙuri minti goma sannan ta saki, lokacin mai babur ya riga ya shige kasuwa. Kwalta ma da zafin Maris da Afrilu tana laushi da tsakar rana, jak ya huda ta a hankali. Maganin ba shi da tsada: faffaɗan dutse, guntun katako, gwangwanin da aka take ya baje, ko tafin tsohon silifa. Wanda ya san yawancin tsayuwarsa a rairayi take, ya sa mai walda ya ƙara wa tafin jak faɗi da ɗan farantin ƙarfe, amma a tabbata ba zai taɓa kaca ko ya goga ƙasa a kwana ba idan an ɗage shi.

Gangara tana da tata doka, kuma ta samo asali ne daga yadda jak yake naɗewa. Baya yake komawa. Don haka duk abin da zai tura babur gaba, ko da taƙi ɗaya ne, yana iya naɗe shi. In ka kafe mashin yana kallon gangara, kuma a firi, ka bar shi a hannun sa'a. A juya kansa ya kalli tudu, a bar shi a giya ta ɗaya, a ɗan tura shi har giyar ta kama kafin a jingina shi, a karya kan zuwa hagu. Na san dalilin da ya sa da yawa suke barin babur a firi, don su zo su buga kik su wuce ba ɓata lokaci, amma mayar da giya firi bayan an zauna bai kai daƙiƙa biyu ba. Kamfanin Harley-Davidson ya magance wannan ta wata hanya: jak ɗinsu yana da ɗan harshe da yake shiga wani gurbi ya kulle da zarar nauyin babur ya sauka a kansa, ba ya naɗewa sai an miƙar da mashin. Baburanmu ba su da wannan, giya ce makullinmu.

Yanzu fitinar shakazoba. Idan aka ɗora kaya a baya, babur yakan lotsa ya yi ƙasa, amma jak tsayinsa bai canza ba. Sai ya zama ya yi wa babur tsawo, ya tura shi ya miƙe. Mai lodi yana hagu yana ɗaure buhun masara na biyu a kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, yana jan roba da ƙarfi, bai ankara ba mashin ya miƙe tsaf, ya wuce tsakiya, ya kife dama inda babu abin da zai tare shi. Haka in taya ta sace da dare: da safe a tarar da babur a kwance ta dama, a yi ta zargin yara ko awaki. Akasin haka kuma yana faruwa ga masu sa doguwar shakazoba ko babbar taya don ɗaukar kaya: babur ya ƙara tsayi, jak ya yi masa gajarta, karkata ta yi yawa. Duk wanda ya canza tsayin babur, to ya sake duba tsayin jak. Lodi kuwa a yi shi a kan babban jak na tsakiya, a wuri mai ƙwari kuma shimfiɗaɗɗe, ko wani ya hau ya riƙe mashin da ƙafafunsa biyu a ƙasa.

Hawan da na yarda da shi ba shi da wani sirri. Ka tsaya ta hagu, ka kama hannun babur biyu, ka matse birkin gaba. Birkin nan shi ne rabin aikin, don shi yake hana mashin gusawa gaba ya naɗe jak. Nauyinka yana kan ƙafarka ta hagu a ƙasa, ka ɗaga ta dama ka tsallaka kujera, ka sauke ta ƙasa ta can ɓangaren, ka miƙar da babur da cinyoyinka, sannan ka zauna. Ka ɗage jak da dunduniya, ka kalle shi da ido ka ga ya manne. Bayan nan ne ake tada inji. A wannan tsarin jak yana ƙasa lokacin da kake kan ƙafa ɗaya, wato lokacin da ka fi buƙatar mai tallafa maka, amma bai ɗauki nauyinka ba ko kaɗan. In akwai kaya a baya da ba za ka iya wurga ƙafa ta kansu ba, ka lanƙwasa gwiwa ka zura ƙafar ta saman kujera. Sauka ma haka take a juye: kashe inji a giya, sauke jak har ƙarshe, ka ɗan tura shi gaba da ƙafa ka tabbata ya kai maƙura, jingina babur a hankali har ka ji ƙasa ta karɓa, sannan ka fita.

Ana cewa hawa ta hagu gadon doki ne. Mahayi yana rataye takobi a hagu, don haka ta hagun doki yake sa ƙafa a likkafa, kamar yadda har yau ake gani a hawan sallah. Babur ya gaji wannan, jak ya zauna a hagu, kik da salansa suka koma dama a yawancin ƙananan babura. Sai dai a ƙasashen da ake tuƙi ta dama, kamar Nijar, da Najeriya tun 1972, da Ghana tun 1974, wanda ya tsaya a gefen titi hagunsa ne yake kallon motoci. Saboda irin wannan ne ake koya wa 'yan sandan babur da yawa a Amurka hawa da sauka ta dama, don su nisanci motoci, kuma in jak ya saki babur ya faɗi nesa da su. A babban titi mai cunkoso wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma ga mai ƙaramin babur da salansa mai zafi a dama, na fi ganin ya sauka daga kwalta sosai ya samu fili, ya hau ta hagu yadda ya saba.

Tufafinmu ma suna da hannu a cikin faɗuwar da ake yi wajen hawa. Babbar riga da jallabiya da dogon kaftani sukan maƙale a kariya daidai lokacin da ƙafa take sama, mutum yana tsaye a kan ƙafa ɗaya. Bakin wando mai faɗi yakan saƙale a jikin jak ko a sandar kik, ka zo sauke ƙafa a tsayawa ka ji ta ƙi zuwa. A tattare riga a gaba tun kafin a ɗaga ƙafa, a zauna a kanta. Ga mata abin ya fi haɗari, don zani da dogon hijabi suna iya shiga kaca ko tayar baya ana cikin tafiya, su fizgo mace ƙasa. A Indiya, inda ake ƙera Boxer da TVS, doka ta wajabta garkuwa a gefen tayar baya saboda dogayen tufafin mata. Inda babur ya zo da ita, ko da murfin kaca, bai kamata a kwance su don ado ba.

Fasinja ba ya hawa sai direba ya zauna, ƙafafunsa biyu a ƙasa, birkin gaba a matse, jak a ɗage. Kuma sai an ce masa ya hau. Ɗan acaɓan da ya san aikinsa za ka ji yana cewa, "Hajiya, dakata in daidaita," ko "Baba, bismilla, ta nan ɓangaren, salansa da zafi." Wannan 'yar maganar ita ce take hana fasinja ya taka mataki lokacin da direba yake laluben canji a aljihu da hannu ɗaya. Akwai masu barin jak a ƙasa sai fasinja ya gama hawa, wai ko da za a karkata ya tare. Na fahimci tunanin, musamman in tsoho ne ko mai jiki zai hau, amma ban goyi bayansa a matsayin al'ada ba. Da mutum biyu suka zauna, shakazoba ta lotsa, jak yakan dafe ƙasa ya ƙi ɗaguwa, sai direba ya karkata dama da nauyin mutum biyu kafin ya kuɓutar da shi. Kuma a nan ne aka fi mantawa da shi.

Mantuwar nan ita ce mafi muni a duk abin da ya shafi jak. A miƙaƙƙiyar hanya ba za ka ji komai ba. Kwanar hagu ta farko, jak ya caki ƙasa, ya ɗaga tayar baya ko ya hana babur kwanciya, sai mashin ya miƙe ya nufi inda ba ka nufa ba. Shi ya sa in mutane suka ga babur yana tafe da jak a sauke suke ɗaga murya suna nuna ƙasa, kuma duk wanda ya yi wannan ihun ya yi aikin lada. Hukumomi a wasu ƙasashe ba su bar abin ga tunanin direba ba. Dokar ƙera babura ta Amurka ta ce dole jak ya naɗe baya ya koma sama in ya taɓa ƙasa babur yana tafiya gaba. Turai ta fitar da ƙa'ida a 1993 da ta buƙaci ko dai jak ya koma da kansa, ko babur ya kasa tafiya muddin yana sauke. Tsofaffin Honda suna da ɗan harshen roba a bakin jak wanda yake fara taɓa ƙasa ya ture shi baya. Wasu baburan Ducati na shekarun 1990 jak ɗinsu yana tsalle ya koma da zarar an ɗaga nauyi daga kansa, abin da ya kayar da babura da yawa a tsaye, don mai shi zai ɗan gyara tsayuwar mashin ya sake jingina shi a kan jak ɗin da ya riga ya tafi. Hanyar da ta yi rinjaye a ƙarshe ita ce ɗan makunnin lantarki da yake kashe inji in an sa giya jak yana ƙasa. Ƙananan babura da yawa a kasuwanninmu ba su da shi. Waɗanda suke da shi kuma, idan laka ta shiga ya fara kashe inji ba dalili, abin da aka saba shi ne a yanke wayar a haɗe bakinta. Wanke shi ko canza shi ya fi wannan, don ranar da zai yi amfani ba ta sanarwa.

Duba lafiyar jak ba ya cin minti biyu. A ɗora babur a babban jak, a kama na gefen a girgiza shi hagu da dama. Ɗan motsi kaɗan ba komai, amma in yana lilo, noti ko rami ya cinye. A ɗaga shi rabi a saki, ya kamata ya koma da ƙarfi ya ce ƙas, kada ya tsaya yana reto. A share ƙura a dubi gindin walda: siririn layin tsatsa ko fenti da ya tsage alamar ƙarfe ya fara rabuwa ne. A ɗiga baƙin mai ko a shafa giris a mahaɗar duk lokacin da aka yi juyen mai. In jak ya lanƙwashe, sabo ya fi wanda aka gasa da wuta aka miƙar, don ƙarfen da aka lanƙwasa aka mayar ba ya komawa ƙarfinsa na da. In kuma walda ta zama dole a jikin babur, a cire wayar batir, a rufe mai, a nisantar da tanki daga tartsatsi, kuma a gwada karkatar kafin a kammala, kada mai walda ya ƙara tsawo ko ya rage da ƙiyasin ido.

Abin da ya fi damuna a duk wannan shi ne yara. Babur a ƙofar gida ko a zaure abin wasa ne a wurinsu, kuma lissafin da muka yi a baya yana da wata fuska mai ban tsoro: babur mai kilo 120 da ya karkata digiri 12, jan da bai kai kilo 15 ba a saitin hannunsa ya isa ya miƙar da shi. Yaro ɗan shekara bakwai da ya kama hannun dama yana ƙoƙarin hawa, ko yara biyu suna lilo, za su iya jawo shi kansu, ga nauyi ga salansa da ba ta huce ba. In jak ya yi tsawo ko taya ta rage iska, abin da ake buƙata bai ma kai haka ba. Wanda zai ajiye babur a gida ya matsa da ɓangaren damansa jikin bango sosai, yadda yaro ba zai iya shiga tsakani ba. Bango ya rufe salansa, ya kuma tare faɗuwar dama, jak ya riƙe hagu. A bar shi a giya, a kulle kan, a zare makulli.